Darasi: Lambun Bayan Gida da Ajiyar Tumatir

'Yan'uwa manoman Boɗinga da Shagari, kun san a watan Fabrairu tumatir yakan yi arha har ya ruɓe, da damina kuwa ya gagari talaka. Ga dabara.

1. A watan Oktoba ku kewaye ɗan fili kusa da rijiya da shingen kara saboda awaki. Ku zuba ruɓaɓɓen taki, ku yafa iri. Bayan mako 4 ku dasa.

2. Idan ya nuna, ku zaɓi marar tabo, ku niƙa, ku tafasa. Ku zuba da zafinsa cikin wankakkiyar kwalba mai sabon murfi. Kowace lita a sa mata babban cokali 2 na ruwan lemun tsami. Ku rufe, ku dafa kwalaben minti 50, ruwa ya shanye kansu.

3. Kuɓewa da alayyafo ba su da tsami, saboda haka dafi yana iya tasowa cikin kwalbarsu ko an dafa. Su shanya su ake yi.

In murfi ya kumbura, ku zubar, kada ku ɗanɗana.

Tambaya: ƙungiyarku za ta iya haɗa kuɗi ta sayi babbar tukunya guda?