Sabon Injin Yanke Ciyawa Ya Ƙi Tashi: Jabu Ne Ko Fetur Ne?

TAMBAYA: Ni ne mai kula da harabar wata makarantar kuɗi a Kaduna. Da damina ta kankama muka sayi sabon injin yanke ciyawa, irin wanda ake turawa da hannu, saboda filin ƙwallon yara. Ranar farko ya yi aiki lafiya lau. Da aka tafi dogon hutu muka ajiye shi a sito kusan wata biyu, da sauran fetur a tankinsa. Yanzu sai mu yi ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami, in ma ya tashi, ya ɗan yi tari ya mutu. Sau ɗaya ya turnuƙe mu da farin hayaƙi. Maigadinmu ya ce sai an zuba masa baƙin mai a cikin fetur kamar ƙaramin janareta, wani bakanike kuma ya ce a kawo ya kwance kafireta. Shin jabu aka sayar mana? Daga mai karatu a Kaduna.

AMSA: Kwantar da hankalinka. Injin da ya yi aikin yini guda lafiya, da wuya a ce jabu ne. Mafi yawan zatona yana kan fetur ɗin nan da ya kwana wata biyu a tanki.

Amma bari in fara da maigadi, domin shawararsa ce za ta iya jawo muku ɓarna tun yau. Ƙaramin janaretan da ya sani, irin Tiger ɗin nan na masu shago, ba shi da ma'ajiyar baƙin mai, shi ya sa ake haɗa masa a cikin fetur. Injinan yanke ciyawa na yanzu kuwa, na Honda ne ko na Briggs & Stratton ko waɗanda aka kwaikwaya daga gare su, kusan duk suna da wurin baƙin mai daban, da murfinsa da gejinsa. In ka ga wannan murfin a jikin naka, fetur zalla yake sha. Haɗa masa mai zai baƙanta fulogi ne kawai, ya ƙara hayaƙi. Tun da ka je wurin ma, zaro gejin a kan daɓe mai daidai, ka goge, ka mayar, ka sake dubawa. Cikin irin wannan inji bai wuce wajen rabin lita ba, kuma SAE 30 ya dace da zafin ƙasarmu. Yawancinsu ba su da na'urar da ke kashe inji idan mai ya yi ƙasa, kamar yadda manyan janaretoci ke da ita, sai dai ya yi ta aiki har ya buga. Kamfanoni kuma sukan ce a juye man farko bayan awa 5 na aiki.

To, fetur. Mutane na ɗauka in dai yana cikin tanki yana nan yadda aka zuba shi. Masu ƙera waɗannan injina kuwa sun ce daga kwana 30 yake fara lalacewa. Ɓangarensa mai saurin kama wuta, wanda shi ne ke tayar da inji mai sanyi, shi yake fara bin iska, musamman a sito mai rufin kwano. Abin da ya rage sai ya yi duhu, ya bar wani danƙo. A ƙasan kafireta akwai wani ɗan kofi na ƙarfe da fetur ke taruwa, daga nan yake haurawa ta wata ƙofa da ba ta fi bakin allura ba. Danƙo kaɗan ya isa ya rage ta. Shi ya sa injinku ke tashi da ɗan abin da ya samu, sannan ya nemi ƙari bai samu ba, ya mutu. Ga kuma damina: tankin da ba a cika ba yana tara raɓa daga ciki, ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, daidai inda inji ke zuƙa.

Kana iya ganin wannan da idonka. Tsiyaye abin da ke tankin cikin kwalba mai haske, a fili, nesa da murhu da masu shan sigari, ka ajiye ta minti 10. In akwai ruwa za ka gan shi kwance a gindin kwalbar, da layi tsakaninsa da fetur. In launin ya koma kamar shayi, warinsa kuma ya koma na tsohon fenti, ka gano mai laifi. Wasu kafiretocin suna da ɗan noti a gefen kofin nan domin tsiyaye shi, wannan ba kwancewa ba ne, littafin injin ma ya nuna shi. Sannan ka zuba sabon fetur na gidan mai, a jarka mai tsabta wadda ba ta taɓa ɗaukar gas ko kalanzir ko ruwa ba. Na 'yan bumburutu kam a bar wa ranar tilas. Mota na da matatar mai babba, tana iya haɗiye ƙazanta ta wuce, wannan ɗan inji ba shi da wannan haƙurin.

Farin hayaƙin kuma ina kyautata zaton wani ya kifa injin a gefe don ya kankare ciyawar da ta manne a ƙasansa. In aka kwantar da shi ta ɓangaren matatar iska, baƙin mai yakan gangaro ya jiƙa ta, wani ya shiga salansa. Buɗe murfin matatar, ba ya buƙatar ko sifana a yawancinsu. In ta takarda ce kuma ta sha mai, ta gama aiki, sai sabuwa. In soso ce, a wanke da sabulu, ta bushe sarai. Nan gaba in za a kifa shi, matatar iska ta kalli sama, kuma a fara cire hular fulogi kafin hannu ya kusanci wuƙar. Kada a yi wasa da wannan.

Sai yadda ake tayar da shi. Akwai wani siririn ƙarfe a saman mariƙi da dole a matse shi a riƙe, in aka sake shi wuta ta yanke, birki ya kama. Tabbatar wayarsa ba ta saki ba. In naku na da makunnin fetur a jikin tiyo, a buɗe. In yana da ɗan ƙwallon roba da ake dannawa, sau 3 ya isa. Masu dannawa sau goma suna cika shi da fetur ne har fulogi ya jiƙe. Wani abin da ake mantawa shi ne wuƙar haɗe take da injin, duk jan igiya ita ma juyawa take. Bayan hutun nan na san ciyawar filinku ta kai gwiwa. Ku tayar da shi a kan siminti, ku ɗaga ƙafafunsa zuwa matakin ƙarshe, inda ta yi yawa ku fara sassabe ta da adda.

In duk an yi wannan bai tashi ba, kwance fulogi ka duba bakinsa. Jiƙaƙƙe da fetur na nufin mai na zuwa, ko ya yi yawa ko wuta ce babu: goge shi, bar shi ya sha iska minti 15, mayar, ja ba tare da cok ba. Busasshe ƙayau kuwa na nufin fetur bai iso ba. Ɗiga ƙaramin cokali ɗaya na sabon fetur a ramin, ɗaure fulogin, ja igiya. In ya tashi na daƙiƙa biyu ko uku ya mutu, wuta lafiya, inji lafiya, hanyar mai ce a toshe. Akwai kuma wanda zai yi aiki minti 10 ko 15 ya mutu, a sassauta murfin tanki ya dawo daidai: ƙofar iskar murfin ce ta toshe.

In hanyar mai ce a toshe, a nan ne kafireta ke buƙatar wanki, kuma a nan ne ban yarda da gaggawar bakaniken ba. Injin bai shekara ba. Ɗauki rasidi da takardar garanti ka koma inda kuka saya tukuna. Za su iya cewa lalacewar fetur ba ta cikin garanti, kuma da gaskiyarsu, sai ku biya kuɗin wanki. Amma da zarar wani na waje ya soka waya a ƙaramar ƙofar nan ta kafireta ya faɗaɗa ta, ko ya yaga gasket, kowace matsala ta ɓullo daga baya kansa za a ɗora ta.

Ciyawa za ta daina tsiro a ƙarshen Oktoba, injin ya koma sito har wata shida ko bakwai. Ranar yanka na ƙarshe ku tsiyaye tanki, ku bar shi yana aiki har ya mutu da kansa, ku juye baƙin mai tun yana da ɗumi ku zuba sabo, sannan ku lulluɓe shi saboda ƙurar hunturu.