Buta Uku, Alwala Ɗaya: Shawara ga Mai Fama da Kokwanto

Wani matashi ɗan kasuwa ya tare ni bayan sallar Isha'i, yana magana ƙasa-ƙasa kamar wanda ya ci bashi. Ya ce sai ya ƙarar da buta uku kafin ya yarda alwalarsa ta yi. Yana tsugune liman zai tayar da salla, kafin ya miƙe an kai raka'a ta biyu. Ya shiga sahu kuma sai kabbarar harama ta gagara, ya ɗaga hannu ya sauke, ya sake ɗagawa. Da dare in ya rufe shago sai ya dawo daga bakin titi sau huɗu yana jijjiga kwaɗo. Tambayarsa ita ce: ta yaya zai samu tabbas?

Ƙanena, amsar da na ba ka a tsaye ba ta wadatar ba, ga ta a zaune. Kuma na san ba kai kaɗai ba ne. Akwai uwar gida da ke sake wanke zanin da ta wanke da safe don tana zaton fitsarin yaro ya taɓa shi, akwai ɗalibar da ke maimaita Fatiha har lokacin salla ya ƙure.

Tabbas ɗin da kake nema, wato ka ji zuciyarka ta kwanta ɗari bisa ɗari babu ko ɗigon shakka, ba a ɗora maka shi ba. Abin da shari'a ta nema a ayyukan yau da kullum shi ne rinjayen zato. Alƙali yana yanke hukunci da shaidu, alhali bai ga abin da ya faru ba. Muna cin naman da mahauci ya kawo ba tare da mun tsaya a kan yankan ba. Ana sanar da ganin wata mu ɗauki azumi, yawancinmu ba mu ɗaga kai sama ba. Da a ce sai da yaƙini tsantsa ake motsi, da ba a ci kasuwa ba ko ta kwana ɗaya.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irinka, har suna suka ba ka: mustankihi. A mazhabar Malikiyya, shi ne wanda shakka ke zo masa kullum, ko da sau ɗaya ne a yini. Hukuncinsa daban yake da na sauran mutane, kuma a nan ne da yawa ke cutar da kansu. Mutumin da shakka ba ta dame shi ba, in ya yi kokwanto ko raka'a uku ya yi ko huɗu, sai ya ɗauki ukun, ya ƙaro ɗaya, ya yi sujada ba'adi. In ya yi shakkar ko alwalarsa ta karye, a mashahurin zancen mazhaba sai ya sake. Amma mustankihi an ce ya yi watsi da shakkar, kada ya ƙaro abin da yake kokwanto a kansa, ya yi ba'adi kawai ya tashi. Alwala ma ba zai sake ta don zato ba. Wannan yana cikin Ahalari, yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, littattafan da ake karantawa a zaure tun muna yara. Mun haddace babin rafkanwa, sai dai mun riƙe hukuncin mai lafiya mun manta na mai larura.

Saboda haka matakin farko shi ne ka yarda kai mustankihi ne. Ka je wurin malami ɗaya wanda ka amince da iliminsa, ka faɗa masa halinka ba ɓoye-ɓoye, ya tabbatar maka da hukuncin, ka riƙe. Na ce ɗaya. Yawon neman fatawa, daga wannan malami zuwa wancan, daga nan a shiga Facebook da YouTube ana tambaya guda ana sauya mata riga, shi ma buta ta huɗu ce.

Ga dalilin da ya sa maimaitawa ba ta magani. A shekarar 2003 wasu masu binciken halayyar ɗan Adam a ƙasar Holand sun sa mutane masu lafiya suna kunna murhun gas a kwamfuta, suna kashewa, suna dubawa, a kai a kai. Da aka tambaye su daga baya, ba su manta abin da suka yi ba, amma amincewarsu da abin da suka tuna ta ragu, hoton abin ya dusashe a ƙwaƙwalwarsu. Dubawar ce da kanta ta haifar da shakkar. Mukan ce gani ya kori ji, amma gani na biyar ba ya korar komai, sai dai ya kira na shida. Duk sanda ka koma ka jijjiga kwaɗon nan za ka ji sanyi na minti biyu, ƙwaƙwalwarka kuma ta koyi cewa ba a samun sanyi sai an koma. Gobe za ta nemi fiye da haka.

To, me za ka yi? Ka auna ruwa. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda, kuma mudun Annabi ba irin na kasuwar hatsi ba ne, cikin tafin hannu biyu ne na matsakaicin mutum. Ka zuba rabin buta, ka ce da wannan zan gama. Wanke gaɓa sau ɗaya in ya game ya isar, uku ne iyaka. Ka bar gaɓa, ka bar ta ke nan. In kana yawan jin kamar ɗigo ya fita, malamai na ba da dabarar yayyafa ɗan ruwa a wando bayan tsarki, don in ka ji danshi ka jingina shi ga ruwan. Kada ka leƙa. An kai wa Annabi ƙarar mutumin da ke jin kamar wani abu ya fita masa a salla, sai ya hana shi fita daga sallar har sai ya ji ƙara ko wari.

Niyya kuwa, wadda ta fi wahalar da mutane, ita ce mafi sauƙi. Wanda ya ji kiran salla, ya bar shagonsa, ya yi alwala, ya tsaya a sahu yana kallon alƙibla, me ya zo yi, sayen goro? Niyyar tana nan tun kafin ya fara neman ta. Kabbara ɗaya, ka wuce.

Kwaɗon ma haka. Ka rufe a natse, idonka a kansa, ka ja sau ɗaya, ka ce a fili "na rufe", ka tafi. Ba zan yaudare ka ba, kwanakin farko akwai wuya. Ƙirjinka zai yi nauyi, wata murya za ta ce sallar nan ba ta yi ba, shagon nan a buɗe yake. Kada ka yi gardama da ita, gardamar ma abincinta ce. Ka bar damuwar ta hau, za ta sauka da kanta in ba ka ba ta abin da take so ba. In ba za ka iya yankewa gaba ɗaya ba, ka fara da jinkiri: yau minti goma kafin ka koma, jibi rabin awa. Ka gaya wa mutanen gida su daina amsa maka "ka ga na rufe?" fiye da sau ɗaya, domin tausayin da ke sa su amsa shi ke ƙara ɗaure ka.

Akwai ɓangaren da mutane ba sa iya furtawa, wato munanan tunani game da Allah ko addini da ke faɗowa zuciya ba a gayyace su ba, har mutum ya yi zaton ya fita daga Musulunci, ya dinga sabunta kalmar shahada sau hamsin a yini. Sahabbai sun kai irin wannan kuka, cewa suna jin abin da ba za su iya faɗa ba saboda girmansa, kuma a hadisin da Muslim ya ruwaito Annabi ya nuna musu cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin kansa cewa ya yi kusan wata biyu yana shakkar ko abin da idonsa ke gani ma abin dogaro ne, kuma ya ce ba jera hujjoji ne ya fitar da shi ba, haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji. Wannan fa malamin da ya koyar a babbar makarantar Nizamiyya ta Bagadaza. Tambaya ta ilimi a kai ta ga masani, a zauna a warware. Tunanin da ke dawowa bayan an amsa shi sau goma kuwa ba amsa yake nema ba, a nemi tsari a ci gaba da abin da ake yi.

Wani abu kuma da ba na son mu riƙa rufewa: a wasu mutane wannan ciwo ne, likitocin ƙwaƙwalwa sun san shi, suna kiran sa OCD. Ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Ana maganinsa da horon da ya yi kama da abin da na bayyana a sama, a ƙarƙashin kulawar masani, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyin da likita zai rubuta, waɗanda kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu. In abin yana cin fiye da awa ɗaya a yininka, ko fatar hannunka ta fara tsagewa don wanki, ko ka fara gudun salla saboda wahalarta, addu'a da asibiti za ka haɗa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen.

Ƙanena, gobe da Asuba rabin buta za ka ɗiba. In ka idar ka ji kamar ba ta yi ba, ka sa takalminka ka tafi shago. Ranar Juma'a ina jiran ka a inda muka tsaya, ka gaya mini sau nawa ka koma wa kwaɗon.