Yadda Ake Gyara Zanen Piksel Ya Fito Sarai a Cikin Gem

Yawancin masu fara koyon haɗa gem sukan ci karo da matsala iri ɗaya. Mutum ya zauna awa uku yana zana ɗan wasansa, amma da zarar ya saka shi cikin gem sai ya zama kamar tabon manja a riga, ba a gane kai, ba a gane hannu. Abin da mai koyo ke fara yi shi ne ya ƙara launuka da ƙananan ado, kuma nan ne yake ƙara dagula aikin.

Piksel shi ne ɗan ƙaramin ɗigo mai kusurwa huɗu wanda tarinsa ke haɗa hoto a fuskar waya ko kwamfuta. Zanen piksel kuwa shi ne wanda ake ajiye waɗannan ɗigo ɗaya bayan ɗaya da hannu, kusan yadda mai ɗinkin hula ke ƙirga gidajen zare kafin ya soka allura. Zane mai faɗin 16 da tsawo 16 yana da gida 256 kacal. Idan ɗaya ya zauna inda bai dace ba, ido zai gan shi.

Mario na kamfanin Nintendo ya isa misali. Lokacin da Shigeru Miyamoto ya zana shi don gem ɗin Donkey Kong na 1981, wurin bai isa a fitar da baki da gashin kai ba. Sai ya ba shi gashin baki don hanci ya fito, ya sa masa hula don a huta da zana gashi, ya kuma bambanta launin wandonsa da na rigarsa don a ga motsin hannu. A Super Mario Bros. na 1985 launi uku kawai ke jikinsa, domin iyakar abin da na'urar NES ke ba kowane ɗan zane ke nan. Duk da haka yaro ɗan shekara biyar yana gane shi daga nesa.

Saboda haka siffar jiki ita ce farkon abin gyara. Mai zane ya cika ɗan wasansa gaba ɗaya da baƙi, ya duba shi a ainihin girman da zai fito a gem, ba a girman da ya buɗe shi yana aiki ba. Idan ba a gane mutum ne ko kaza ba, babu launin da zai cece shi. Maganin shi ne a ƙara girman abin da ke bayyana shi: kai ya fi na gaskiya girma, takobi ya fita daga jiki, a bar rata tsakanin hannu da ƙirji. Shawara ga mai farawa ita ce ya tsaya a 16 ko 32. Zane mai 64 da 64 gida 4,096 ne, kuma duk za a sake bin su a kowane hoton motsi.

Daga nan sai layi. Layin da ya karkata a zanen piksel matakala ne, kuma matakalar tana son tsari: biyu, biyu, biyu, ko uku, uku, uku. Idan aka yi biyu, ɗaya, uku, biyu, layin zai fito kamar haƙoran zarto. A wurin lanƙwasa lambobin su riƙa sauka a jere, kamar huɗu, biyu, ɗaya, ɗaya, sannan su hau a ɗaya gefen. Ga masu zane da yatsa a waya akwai ƙarin matsala, domin jan layi da hannu yakan bar ɗigo biyu a kusurwa, layin ya yi kauri a wasu wurare. Sai a bi a goge su. Haka ma ɗigon da ke zaune shi kaɗai a tsakiyar riga, ba ya nuna komai, datti ne kawai. In ba ƙwayar ido ba ce ko ƙyallin ƙarfe, a cire shi.

Maganar launi ta fi tsawo. Na'urar Game Boy ta 1989 launi huɗu take nunawa, an kuma yi Pokémon na farko a kanta. Mai koyo ya zaɓi launi huɗu zuwa takwas kafin ya fara, ya hana kansa ƙari. Kowane abu ya samu uku: na asali, na haske, na inuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗa inuwa ta hanyar ƙara baƙi kawai, sai zanen ya yi duhu kamar an shafa masa toka. Abin da ya fi kyau, inuwa ta ɗan karkata zuwa shuɗi ko shunayya, haske kuma ya karkata zuwa rawaya. Jar riga, alal misali, haskenta ya zama ruwan goro, inuwarta ta zama ja mai duhu da ɗan shunayya a ciki. Kuma a bar tazara sosai tsakanin launukan, domin biyun da suka yi kusa da juna za su narke su zama ɗaya a ƙaramar fuskar waya, musamman a tsakar rana.

Dole kuma a yanke shawarar inda haske ke fitowa, a ce daga sama ta hagu, a tsaya a kai a duk zanen gem ɗin. Wanda bai yanke ba yakan zagaye gefen jiki da duhu ya bar haske a tsakiya, ɗan wasan ya kumbura kamar matashin kai.

Wani lokaci kuma zanen lafiyarsa ƙalau, wajen fitar da shi ne aka ɓata shi. A ajiye shi a PNG, domin JPEG yana dama launukan gefe kuma ba ya riƙe bayan da babu launi. Idan za a ƙara masa girma, a ninka da cikakkiyar lamba, sau biyu, sau huɗu, sau shida, ban da ɗaya da rabi. Gem ɗin Celeste na 2018 an gina shi a kan 320 da 180, wanda idan aka ninka sau shida yake cika fuska mai 1920 da 1080 daidai. Manhajojin haɗa gem kuma sukan lailaye hoto da kansu, sai an hana su: a Godot a zaɓi Nearest, a Unity a zaɓi Point a kuma kashe matse hoto.

Kayan aiki ba su da wuya. Akwai Pixel Studio da dotpict a waya, Piskel kyauta ne a burauza, Aseprite na kwamfuta ne kuma sayensa ake yi. Wanda zai tura zanensa ga aboki a WhatsApp don jin ra'ayi, ya fara ninka shi sau takwas ko goma, sannan ya tura shi a matsayin fayil. Idan ya tura a matsayin hoto, manhajar za ta matse shi, abokin ya ga hazo a inda aka zana layi mai tsafta.