Nasiha ga Ango da Amarya Masu Gyaran Gida

Tun da kun kama gidan haya kuna shirin gyara shi kafin a zo jere, ku ba ni aron hankalinku kaɗan.

Kafin ku sayi ko buhun siminti ɗaya, ku zauna da mai gidan. A rubuta gyaran da za a cire daga kuɗin haya da wanda ku za ku ɗauki nauyinsa, a sa hannu a gaban shaidu. Tayil da silin ba sa bin mutum ranar tashi.

Sannan ku fara da abin da baƙo ba ya gani. Matasa falo suke fara kallo: silin ɗin POP, fitilu masu launi, labule har ƙasa. Ni kuwa rufi nake so ku fara dubawa. Ku ɗaga kai ku nemi shacin ruwa a silin, ku shafa gindin bango ku ji ko filasta tana marmashewa. In haka ne to rima ce, kuma fenti ba ya maganinta. Duk wanda ya shafe ta da rani, kafin ruwan Agusta ya ɗauke zai ga bangon ya kumbura yana ɓamɓarewa. A toshe yoyo, a sauya bututun da ya fashe, a bar bango ya bushe, sannan mai fenti ya shigo.

Bayan ruwa sai wuta. Soket ɗin da bakinsa ya yi baƙi yana gaya muku waya tana ɗaukar zafi. Ku kira ƙwararren mai gyara, ku bi shi da ƙafarku zuwa kasuwa, ku sayi waya mai kaurin da zai ɗauki firji da dutsen guga da hita. Araha ba ta ado, a nan kuwa tana iya jawo gobara. Idan za a sa ƙarafunan tsaro a tagogi, a bar guda ɗaya mai buɗewa daga ciki, makullinta a kusa.

Kai ango, ga wani aiki da ba ya cin ko kwabo. Durƙusa a tsakiyar falo, ka kalli ɗakin daga inda mai rarrafe zai kalle shi. Za ka ga soket daidai yatsansa, da kaifin teburin gilashi daidai goshinsa, da wayar talabijin tana lilo tana jiran a ja ta. Shiga banɗaki ka watsa ruwa a ƙasa, ka taka da ƙafa ba takalmi. Idan ka ji santsi, ka tuna wata rana mai juna biyu za ta taka wurin, ka sa a shimfiɗa tayil mai kaushi. Ka kafa kanta can sama don magani da fiya-fiya da kalanzir, kuma kada a bar bokitin ruwa a buɗe.

Idan za a kankare tsohon fentin mai, yara da masu ciki su kauce, domin wani yana ɗauke da dalma. Mun ga abin da dalmar haƙar zinariya ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu.

Kada ku toshe taga da kabad. Zafin Afrilu yana tafe, kuma ɗaki yana son iska ta shiga ta fita. A sa raga saboda sauro. Janareta a waje yake kwana, nesa da taga, haka ma kaskon gawayi na hunturu, domin gubar hayaƙinsu tana kashe mai barci bai sani ba.

Ke kuma amarya, ki sa baki a tsarin kicin, tun da ke kika san inda hannunki zai kai. Ki auna ɗakin kafin iyaye su ba kafinta aikin gado da kujeru, don a bar wurin shimfiɗa darduma da filin da yaro zai yi wasa.

Kada ku ci bashi don 'yan ganin ɗaki su yaba. Su yini ɗaya za su yi su watse, ku ne za ku kwana da tunanin biya. Ku yi abin da ya zama dole yanzu, ado ya biyo baya idan Allah Ya hore. Allah Ya sa ku shiga a sa'a, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.