Ziyarar Gidan Kayan Tarihi na Jos

Akwai wani manomi a kusa da Kafanchan, yana da 'ya'ya biyu maza. Ran nan babban yana taya shi huɗar doya, sai garmarsa ta bugi wani abu. Ya tona, ya ga tsingaro ne, amma ba irin na tukunya ba. Wannan yana da ido guda da rabin hanci. Yaro ya wanke shi, ya sa aljihu.

Labari ya kai kunnen wani ɗan kasuwa, ya zo ya ce a sayar masa. Yaro ya yi murna, don ya daɗe yana son takalmin ƙwallo. Amma uban ya ce, "A dakata tukuna. Ran Asabar za mu Jos, mu nuna wa waɗanda suka sani."

Da Asabar ta zo suka yi sammako, da uban, da uwar, da yaran, har da kakarsu. Ita kuwa maginiyar tukwane ce. Suka sauka Jos da hantsi, sanyi na kaɗawa, suka nufi gidan ajiye kayan tarihi. An buɗe gidan nan a 1952.

Suna shiga sai ga kawunan mutane na yumɓu a cikin akwatunan gilashi. Auta ya laɓe bayan uwarsa. Wani ma'aikacin gidan ya yi dariya, ya ce, "Matso, samari, ba su cizo. Dubi idonsu. Ka ga kusurwa uku gare shi, da huda a tsakiya? Dubi kuma kitso da duwatsun wuya. Waɗanda suka gina su sun mutu yau fiye da shekara 2,000."

Babban yaron ya ce, "Malam, su wane ne?"

Ma'aikaci ya ce ana kiransu mutanen Nok, don kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna, masu haƙar kuza suka fara tono irin waɗannan a 1928. Manoma ne, sun kuma iya narka tama su fid da ƙarfe. Ba su bar rubutu ba, saboda haka abin da aka sani nasu duk daga ƙasa aka tono shi.

Sa'an nan ya ba su wani labari. A 1943 wani akawun ma'aikatar kuza ya sami wani kai a ƙasar Jama'a. Ya kai shi gonarsa ta doya, ya kafa shi mutum-mutumi. Kan nan ya shekara a gona, rana ta buge shi, ruwa ya buge shi. Daga baya aka kawo shi Jos, aka nuna wa wani Bature mai suna Bernard Fagg. Da ya duba sai ya ga ya yi kama da wanda aka samu a Nok. Shi ne kuwa ya kafa gidan nan.

Yaro ya ji an ce Jama'a, ga ta kuwa ƙasarsu ce. Ya shafa aljihunsa, bai ce kome ba.

Daga nan suka shiga wurin tukwane. Nan fa Kaka ta ƙi fita! Ga randuna, ga tuluna, ga kasake, an tattaro su daga ko'ina cikin Nijeriya. Ta bi su ɗaya ɗaya, tana cewa wannan ya gasu, wannan maginiyarsa ta yi gaggawa. Sai da ɗanta ya ce, "Inna, yara na jin yunwa," kana ta fito.

Suka zauna cikin lambu gindin wata itaciya, suka ci dafaffen dankali da ƙosai. Yara suka je suka kalli tsohon kan jirgin ƙasa, irin na siririyar hanyar nan da ta taso daga Zariya zuwa Jos, wadda aka rufe a 1957. Suka kuma ga inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya da jar ƙasa.

La'asar ta yi, uban ya dubi ɗansa, ya ce, "To, kai ka tsinta. Me ka gani?"

Yaro ya yi shiru. Can sai ya tashi, ya koma wurin ma'aikacin nan, ya miƙa masa tsingaron da hannu biyu. Ma'aikaci ya juya shi a hankali, ya ga hudar idon. Ya ɗauko littafi ya rubuta sunan yaron, da ƙauyensu, da inda gonar take. Ya ce kada su ƙara tona wurin, don masana suna so su ga abu a inda yake kwance. Ya ce kuma doka ta hana a sayar da irin wannan a fita da shi ƙasashen waje.

A mota Kaka ta taɓa jikanta, ta ce, "Maigidana, kasuwa mai ci zan kai tulu huɗu. Takalmin nan naka, nawa ne ma?"