Ziyarar Gani da Ido a Dausayin Haɗeja da Nguru

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Wannan darasi zai nuna wa ɗalibi mai neman zama malami yadda ziyarar dausayi ke taimakawa wajen koyar da kalmomi da insha'in siffantawa, musamman ga yaran birni, kamar na unguwar Television da ke kudancin Kogin Kaduna, waɗanda akasarinsu ba su taɓa ganin dinya ko gauraka ba.

1.1 Dausayin da Tsuntsayensa

Dausayin Haɗeja da Nguru ya ratsa jihohin Jigawa da Yobe, inda kogunan Haɗeja da Jama'are ke malala kafin ruwansu ya nufi Tafkin Chadi. A lokacin hunturu tsuntsaye daga Turai sukan ƙetaro Sahara su sauka a nan, su tarar da na gida irin su kirinjijiya da zalɓe da balbela. Wuraren da aka fi ziyarta su ne Dagona da Baturiya, waɗanda a shekarar 2008 aka sanya su cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ke kiyayewa.

1.2 Barazana

Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke shayar da fadamun. Ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Idan fadama ta ƙafe, sana'ar su kan ja baya, kalmomi irin su koma da mali da gora kuma su ɓace daga bakin yara.

1.3 Aikin Malami

Malami ya nemi izinin iyaye da na hukumar wurin, ya kuma ɗauki ɗan jagora. A fita da sassafe, a guji hayaniya. Kowane yaro ya rubuta sunan abin da ya gani, launinsa da kukansa, ya tambayi masunta sunayen kayan aikinsu. Idan tafiyar ta yi nisa, fadamun bakin Kogin Kaduna sun isa a fara da su.

Auna Fahimta

1. Kawo dalilai biyu da ke sa dausayin ƙanƙancewa.
2. Tsara darasin siffantawa a kan tsuntsu ɗaya domin 'yan aji biyar na firamare.