Oba-obar 'Yan Agaji da Kuɗin Lasisin Zango

Wayar oba-oba da ɗan agaji ke ratayawa a ƙugu ba ta buƙatar kati ko sabis, amma zangon da take magana a kansa dukiyar ƙasa ce. A Najeriya, dokar sadarwar iska ta 1961 ta hana amfani da na'urar aika saƙon rediyo ba tare da lasisi ba. Dokar sadarwa ta 2003 kuma ta kafa majalisar da ke raba zango: na kasuwanci yana hannun hukumar sadarwa ta NCC, na gidajen rediyo da talabijin yana hannun hukumar NBC, masu amfanin kansu kuwa, har da ƙungiyoyin agaji, Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya suke nema. Lasisin yana da wa'adi, kuma da kuɗi ake sabunta shi.

A Tafa ta Jihar Neja wannan ba zancen takarda ba ne. Yankin yana bakin titin Abuja zuwa Kaduna, inda haɗari ba baƙo ba ne. Ranar 18 ga Janairun 2025 tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko da ke kan wannan titi, mutane fiye da 80 suka rasu. A irin wannan rana kowa na danna waya lokaci guda, layi ya cushe, ko lambar gaggawa ta 112 ta yi wuyar samu. Oba-oba ce ke haɗa mai ɗauko majinyaci da direban mota da wanda ke jira a ƙofar asibiti.

Ƙaramar oba-oba yawanci ba ta wuce wat 5, kuma 'yan kilomitoci take kaiwa. Duwatsun Suleja, musamman kewayen Zuma, suna tare ta, sai an kafa na'urar maimaita saƙo a kan tudu, ita ma da nata zangon da nata kuɗin. Ƙungiyar da ke rayuwa da karo-karon mambobi da taimakon masallaci, wadda bandeji ma sai an yi tara-tara, nauyin ya fi ƙarfinta. Shi ya sa da yawa suke sayo oba-oba samfurin Baofeng a kasuwa su kunna duk inda ta faɗa. Nan haɗarin yake: zangon jiragen sama, daga megahaz 118 zuwa 137, yana maƙwabtaka da wanda waɗannan na'urori ke aiki a kai, ga na jami'an tsaro, ga filin jirgin Abuja kusa.

Saboda haka rajista wajibi ce, domin ita ke hana murya hawa kan murya. Kuɗin ne abin dubawa. A Birtaniya, hukumar Ofcom rabin kuɗi take karɓa daga ƙungiyoyin jinƙai masu ceton rai. Ya kamata Ma'aikatar Sadarwa ta yafe wa 'yan agaji masu rajista kuɗin nan, ta ware musu zango guda da za su haɗu da hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da ta Jihar Neja. Shugabannin ƙungiyoyin Tafa da Suleja kuma su haɗa takarda ɗaya su nema tun kafin damina ta kankama.